A Bar Wa Kogin Kaduna Shimfiɗarsa

Wanda ya tsaya a kan gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello cikin watan Maris ya duba ƙasa, ba zai ga abin tsoro ba. Duwatsu sun fito fili, masu wanki sun shanya tufafi a kansu, yara suna tsallaka ruwa da ƙafa, can gefe kuma masu lambu suna ban ruwa ga latas da kabeji. Amma in ya komo wurin nan cikin watan Satumba, sai ya ga jan ruwa ya cika daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana tafe da kututture da kara da duk abin da ya tsinta a hanya. Kogin nan ɗaya ne, amma shimfiɗarsa biyu ce: akwai ƙarama ta rani, akwai babba ta damina. Babbar ita ce muke kira fadama. Wahalarmu a birnin nan ta soma ne sa'ad da muka ga babbar shimfiɗar ba kowa a kanta, muka ce ai ba ta da mai ita.

Kogin Kaduna ya taso daga tuddan Jos, ya yi tafiyar wajen kilomita 550, ya ratsa birninmu, ya bi ta Shiroro da Zungeru, kana ya faɗa Kwara daura da Pategi. Kafin ya iso mana ya riga ya haɗiye ƙoramu da yawa, har da Galma wadda ta biyo ta Zariya. Saboda haka ruwan da ke wucewa ta Malali yau, watakila shekaranjiya aka yi shi a ƙasar Lere ko a Filato. Shi ya sa akan kwanta a Kaduna sama garau, taurari a fili, a farka tsakar dare a taka ruwa a ɗaki.

Da aka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, garin ƙarami ne, ba wanda ya matsu da ya yi gini a bakin ruwa. Ofisoshi da gidajen gwamnati a kan tudu aka kafa su. Bakin kogi aka bar wa masunta da manoman rani da ciyayi da kadduna, wani yanki kuma aka mai da shi lambun shan iska, watau Gamji, inda aka kafa 'yar gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru. Daga baya masaƙa ta zo Kakuri a 1957, matatar mai ta zo a 1980, mutane suka yi ta kwararowa daga ko'ina. Tashe-tashen hankulan 2000 da 2002 kuma suka sa iyalai masu yawa, Kirista da Musulmi, suka bar unguwannin da suka saba, kowa yana neman inda zai kafa kansa da sauri. Filin da ya fi araha kuwa shi ne na fadama.

A watan Agusta 2003 kogin ya zo neman shimfiɗarsa. Ya shiga Malali da Unguwar Rimi da Kabala da gidajen ƙarshen Kigo Road, ya haura hayin kudu ya shiga Barnawa da Nasarawa, dubban mutane suka rasa wurin kwana. Ya sāke zuwa a 2012, shekarar da ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya duka, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Ya komo a Satumba 2015. Masu zama a Rafin Guza da Kigo Road ba su bukatar a karanta musu waɗannan shekaru, suna rubuce a jikin bangayensu. Mu malaman makaranta kuma mun san su ta wata hanya dabam: yaro ya ɓace mako biyu, ya dawo ba littafi ko ɗaya, yana tari.

Duk lokacin da haka ta faru, magana ɗaya ake ji a bakin mutane: gwamnati ta zo ta yi katanga, ta zuba siminti, ta yashe kogi. Kafin mu ce i ko a'a, bari mu leƙa wurin mutanen da suka fi mu daɗewa suna kokawa da ruwa, watau mazauna bakin teku, mu ga abin da siminti ya yi musu da abin da ya kāsa.

Abin da ya sami Ikko

Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka gina dogayen katangun dutse a mashigin tashar jiragen ruwa ta Ikko, don kada yashi ya riƙa toshe wa jirage hanya. Aikin ya yi kyau, jirage suka sami hanya. Amma akwai abin da ba a lissafta ba. A gaɓar tekun nan, igiyar ruwa tana tura yashi kullum daga yamma zuwa gabas, tana ɗebe wani tana ajiye wani, gaɓa kuwa tana nan yadda take. Da katangu suka tare hanya, sai yashi ya taru a yammacinsu, gabas kuma ta zauna da yunwa. Teku bai daina ɗiba ba, ba kuma mai mayarwa. Haka Bar Beach ta yi ta zaizayewa har aka yi hasarar ƙasa fiye da kilomita guda, ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello na can, takwaran namu na nan. An yi shekaru ana kashe kuɗi ana zuba yashi, teku yana kwashewa. A ƙarshe aka gina wata ƙatuwar ganuwa ta duwatsu a gaban sabon garin Eko Atlantic. Ta tsare inda aka gina ta, amma mutanen ƙauyukan da ke gabas da ita suna kuka cewa yanzu gaɓarsu ce teku yake ci.

A lura da wannan, gama shi ne gindin maganar. Katanga ba ta rage ruwa ko da cokali guda. Juya shi take yi, ta aika wa maƙwabci.

Mutanen Holan sun fi kowa sanin katanga. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsu yana ƙasa da tsayin teku, ganuwa ce kaɗai take tsakaninsu da halaka. A 1953 teku ya fasa ganuwar ya kashe mutum fiye da 1,800, suka tashi suka yi gine-ginen da duniya take zuwa kallo har yau. Duk da haka, a 1995 kogunansu suka cika har aka kwashe mutum wajen 250,000 daga gidajensu don tsoron kada ganuwa ta ɓalle. Sai injiniyoyinsu suka zauna suka yi tunani. Suka ga in an matse kogi tsakanin bango biyu, tilas ya hau sama. In an ƙara wa bango tsawo, ranar da ya fashe ɓarnar ta fi ta dā. Suka fito da wani shiri mai ma'anar a ba kogi wuri, suka yi aiki a wurare fiye da 30. A birnin Naimegen, inda kogin Wal ya yi kwana mai tsanani, sun ja ganuwa baya mita 350, suka haƙa wa ruwa hanya ta biyu, aka tashi gidaje wajen 50 aka biya masu su. Watau da kuɗinsu suka sayi fadama suka mayar wa kogi. Mu kuwa Allah ya ba mu ita kyauta, muna yankawa muna sayarwa.

A bakin tekunsu ma sun yi wata dabara a 2011. Maimakon su riƙa bin gaɓa suna zuba yashi kowace 'yan shekaru, sai suka tara tsibi guda a wuri ɗaya kusa da birnin Heg, yawansa in an auna da tifa mai ɗaukar mita 10 ya wuce lodi miliyan 2. Suka bar wa iska da igiyar ruwa aikin rarraba shi a hankali har wajen shekara 20. Ƙarfin nan da yake cin gaɓa, shi suka ɗauka lebura.

Kada mai karatu ya ce wannan aikin masu arziki ne. A Biyetnam, inda guguwar teku take fasa musu ganuwar ƙasa kusan kowace shekara, ƙungiyar Red Cross ta soma dasa itatuwan mangurof a gaban ganuwar tun 1994. Itace ne mai tsiro cikin laka da ruwan gishiri, saiwoyinsa a waje kamar ƙafafun gizo. Akwai shi jingim a ƙasarmu ta wajen Warri da Fatakwal da Kalaba. Igiyar ruwa in ta ratsa kurminsa takan iso gaɓa a gajiye. An dasa wajen hekta 12,000 a kan dala miliyan 1 da 'yan kai, rahoton ƙungiyar kuwa ya nuna kuɗin gyaran ganuwa ya ragu da dala miliyan 7 da wani abu kowace shekara. Ba su rushe ganuwa ba, sun sa mata mai gadi ne. Talakawan wurin kuma suka sami ƙaguwa da kifi a cikin kurmin.

Mu komo gida

Ba mu da teku a Kaduna, ba mu da mangurof, amma ka'idar ɗaya ce, kuma Mahalicci bai bar gaɓarmu tsirara ba. Fadama tana yin aiki iri uku. Da fari wurin ajiya ce: sa'ad da kogi ya cika ya bazu a kanta, tsayin ruwan yana raguwa ga na ƙasa da mu. Na biyu, ciyayi da itatuwanta suna rage masa gudu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in gudun ruwa ya ninka sau 2, ƙarfin da yake bugun bango ko ƙafar gada da shi yakan ninka sau 4. Na uku, ruwan da ya lafa yakan sauke laka, wadda ita ce takin masu lambu, wani kuma ya nutse ƙasa ya ciyar da rijiyoyinmu da rani.

To, mu dubi abin da muke yi. Ga lissafin da ɗan aji shida zai iya. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, lita 1 ke nan. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 ya kai wajen mita 465. In aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, fulotin nan ya karɓi lita fiye da 23,000, watau duro fiye da 110. Sa'ad da wurin yake gona, ƙasa takan sha rabonta, sauran ya gangara a hankali. Yau an rufe shi da kwano, an shafe tsakar gida da siminti har bakin ƙofa don kada takalmin maigida ya taɓa laka. Duro 110 ɗin nan duka sai su fito titi cikin sa'a guda. A ninka wannan da gidajen Kawo da Badarawa da Unguwar Dosa da Unguwar Sarki, a ƙara da leda da robobin da suka toshe lambatu, sa'an nan a gane dalilin da wasu unguwanni suke nutsewa tun kogi bai ma iso ba.

Sai maganar yashi. Kowa yana bukatar bulo, masu ɗiban yashi kuma abincinsu suke nema, ban ce a kore su ba. Amma kogin da aka kwashe wa yashi kamar tekun Ikko yake, yunwa yake ji, zai kuwa rama daga gaɓa da gindin gada. Ɗiba a kusa da ƙafafun gadoji, ko kusa da inda gidan ruwa na Malali yake jan ruwan da muke sha, ko a gindin gaɓar da gidaje suke bisanta, wasa da wuta ne. Akwai inda kogi da kansa yake tara yashi, watau cikin kwana, gama kowane kogi yana cin bayan kwana ne yana ajiyewa a cikinta. Can ya kamata hukuma ta nuna musu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin zancen nan duka shi ne ciyawar da kakanninmu suka sani sarai, watau jema. Da ita ake saƙa zana mai kyau da faifai, a fadama take tsiro, ba ta jin tsoron ruwa ya rufe ta. Saiwarta ba ta bazuwa gefe, ƙasa take nufa sak kamar gashi mai kauri, tana iya kai mita 2 ko 3. In aka dasa ta a jere kusa da kusa, sai ta zama shinge: a sama tana tace ruwa ta tare laka, a ƙasa kuma saiwoyi sun ɗinke gaɓa kamar tabarma. Gobara ta cinye kanta, ta sāke tohowa. Shanu su yi kiwonta, ta sāke tohowa. Akwai 'yar'uwarta a Indiya wadda Bankin Duniya ya yi ta yaɗawa tun wajen 1986, har yanzu ƙasashe da yawa suna tsare gefen hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da ita. A Jami'ar Ibadan ma an gwada ta a gonaki masu gangare, aka ga tana rage zaizayar ƙasa ƙwarai. Abin dariya, sai da masana suka zagaya duniya kana suka gaya mana darajar abin da tsofaffinmu suke rufe rumbu da shi.

Dashenta ba wuya. A tono gindi guda, a yayyaga shi kashi-kashi, kowane kashi da 'ya'ya 2 ko 3. A datse ganye ya rage kamar taƙi ɗaya, a datse saiwa kuma. A dasa a layi, tsakanin wannan da wancan kada ya wuce faɗin tafin hannu, layin kuwa ya bi gicciyen gangare, ba ya bi ruwa ya gangara ba. In gaɓar tana da tsawo, a yi layi 2 ko 3, wani bisa wani. A cike gurbin waɗanda suka mutu da wuri, gama shinge mai giɓi ya fi babu muni, ruwa yakan taru a giɓin ya haƙa kwari. A tsare shi daga awaki damina ɗaya. Bayan shingen, ta wajen tudu, sai itatuwan da suka saba da jiƙa: giyayya, malmo, kanya, ɓaure, gora. Gora ma kuɗi ce a kasuwa.

Amma fa ba kowane kore ne aboki ba. Mutanen Haɗejiya da Nguru za su ba da labarin kacala. Bayan da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina hawa da sauka yadda ya saba, kacala ta sami wuri ta toshe hanyoyin ruwa, ta jawo wa gonaki ambaliya, ta zama gidan jan baki. Shuka tana da wurinta, watau gaɓa. Tsakiyar hanyar ruwa a bar ta a buɗe.

Kada kuma a ce na ce jema za ta tsai da ruwa irin na 2003. Ba za ta iya ba. Aikinta ta riƙe ƙasa, ta rage gudu. Ƙafafun gada da bakin famfon gidan ruwa suna bukatar dutse da siminti, ba makawa. Saiwa tana taimakon siminti ne ya daɗe. Gidan da aka gina a tsakiyar shimfiɗar kogi kuwa, ba ciyawa ba katanga da za ta cece shi. Ubangijinmu ya yi misali da magina biyu a ƙarshen Matiyu sura 7. Ko da yake zancen ruhaniya yake yi, masu jinsa sun gane nan da nan, domin a ƙasarsu akwai kwaruruka masu yashi mai laushi da rani, waɗanda sukan zama kogi farat ɗaya da damina.

A nan maganar take da nauyi, gama yawancin masu zama a fadama ba wauta ce ta kai su ba, rashi ne. Mai albashi kaɗan da 'ya'ya shida, haya ta ishe shi, aka nuna masa fili a rabin kuɗi cikin watan Fabrairu, ƙasa busasshiya ƙayau. Wa zai ga laifinsa? Laifi yana wuyan wanda ya san wurin, ya sayar bai faɗa ba. In a cikin ikilisiya akwai dillalin fili ko mai unguwa da yake yin haka, ya kamata dattawa su kira shi su yi masa magana kamar yadda za su yi wa mai awo da mudu biyu. Kwamitin ginin majami'a ma ya bincika kansa, gama araha ba ta ado. Hukumar tsara birni ta KASUPDA takan sa alama a gidajen da ke hanyar ruwa, hukumar agajin gaggawa takan yi gargaɗi kowace damina a tashi. Gargaɗin gaskiya ne, sai dai "tashi" ba tare da "ga inda za ka" ba rabin magana ce. Mutanen Holan da suka tashi gidaje 50 sai da suka biya. Tun ƙarshen 2021 akwai shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya domin gyaran ƙasa da hanyoyin ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Hakkinmu ne mu tambayi wakilanmu nawa ne daga ciki zai shiga dashe da tsaron fadama, ba haƙa da siminti kaɗai ba.

Akwai kuma abin da bai kamata mu manta ba. An saba cewa kogin nan ya raba Kaduna biyu, kowa ya san abin da ake nufi. Amma ruwa bai san wannan rabo ba. In muka cike fadamar hayin arewa da ƙasa muka ja katanga, ruwan da ya kamata ya kwanta a nan zai tsallaka Barnawa da Nasarawa. In su suka yi, mu zai zo wa. Wanda ya tare a Rafin Guza ya aika wa Kabala. Saboda haka aikin gaɓa ba na unguwa ɗaya ko addini ɗaya ba ne. Matasan majami'a da na masallaci in suka ɗauki gaɓa mita 200 suka dasa tare, sun yi abin da taron sulhu goma a otal bai yi ba.

Ga iyalin da ke shirin sayen fili, a je a gan shi cikin Agusta ko Satumba, ba da rani ba. A dubi jikin katangun maƙwabta ko akwai zanen da ruwa ya bari. A dubi ƙasar: in baƙar laka ce mai tsagewa da rani, in ga jema da giyayya sun tsiro da kansu, to, ruwa yana kwana a wurin. A tambayi tsohon mai lambu na kusa inda ruwan 2003 ya tsaya, shi ba shi da kamasho a cinikin. Wanda ya riga ya yi gini a kan tudu kuma ya bar wani yanki na tsakar gidansa ba siminti, ya sa duro ko tanki a bakin indararo, ya dasa mangwaro ko gwaiba. Zumuntar mata da 'yan makarantar Lahadi da suke so su gwada jema, su nemi iri tun watan Afrilu wurin masu saƙar zana, su yi renonsa a bayan majami'a kusa da rijiya. Lokacin dashe a gaɓa shi ne ƙarshen Mayu zuwa Yuni, domin saiwa ta sami wata 2 ko 3 ta kama ƙasa kafin babban ruwa ya sauko daga Filato.